Gwaggo Ba-Tausayi da Ƙafata ta Hagu

Gwaggo Ba-Tausayi ake kiranta, kuma ita ce mai wankin gyambo a ɗaki na ƙarshe na asibitin unguwarmu, wanda tagarsa ke kallon wurin ƙona shara. Mun fara haɗuwa ranar Litinin, bakwai ga watan Maris na shekara ta dubu biyu da sha shida, lokacin da gyambon ƙwaurina na hagu ya cika wata goma sha ɗaya bai nuna alamar rufewa ba.

Ni kafinta ne. Shekara arba'in na yi ina haɗa ƙofa da taga da gadon da ba ya kuka, kuma ban saba zama a benci ina jiran a kira ni ba. Wani katako ne ya zamo daga kan teburin aiki ya ɗaye mini fata, wurin bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Ciwon sukari ya ƙarasa sauran ɓarnar. Na sha ƙwayoyi iri huɗu, an yi mini allura iri biyu. Kowanne yakan yi mako guda kamar zai yi aiki, sannan ruwan ya dawo, warin ya biyo shi.

Ranar farko ba ta kalli fuskata ba. Ta nuna wata kujerar ƙarfe da haɓarta.

"Ɗora nan."

"Malama, a hankali, domin wurin..."

"Wace ce Malama? Nan Gwaggo ake cewa. Wanda ya fi ka furfura ma haka yake cewa."

"Ai ba ki girme ni ba."

"Bari in fara, za mu ga wanda ya girmi wani."

Kafin ta gama na kira ta Gwaggo sau uku, sau ɗaya kuma na kira sunan mahaifiyata, wadda ta rasu tun ina saurayi.

Sauran ma'aikata sukan zuba ruwan gishiri, su shafa magani, su naɗe. Ita ba haka take yi ba. Takan ɗauki auduga da hantsaki ta yi ta gurzar gyambon har sai wani farin yauƙi da ke kwance a kansa ya tashi, jan nama ya bayyana, jini ya tsattsafo. Daga nan aka samo mata sunanta. Da na tambaye ta dalilin wannan azaba, sai ta ɗaga audugar ta nuna mini.

"Ka taɓa zura hannu cikin tankin ruwan da ya daɗe ba a wanke ba? Santsin nan da ke jikin bangonsa, to shi ne wannan. Ƙwayoyin cutar ne suke haɗa kai su yi wa kansu rufi. Maganin da kake sha ya zo ya ƙwanƙwasa, ba mai buɗe masa. Na kankare yau, jibi sun sake ginawa."

"To mene ne amfanin kankarewar?"

"Amfanin shi ne jibi ma ina nan."

Na fahimce ta sarai, domin ni ma na san fenti ba ya kama katakon da ba a goge ba.

Tarihinta ban same shi lokaci guda ba. Guntu-guntu na tsinta, tsakanin cire bandeji da naɗa wani. Da tsintsiya ta shiga asibitin, tana da shekara ashirin da shida, bayan mijinta, wanda makaniki ne, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya a goye. Wani tsoho da ke wankin gyambo a lokacin ya lura cewa ita kaɗai ce cikin masu shara ba ta toshe hanci idan ta shigo ɗakin, sai ya fara ba ta tire ta riƙe masa. Daga riƙon tire ta kai ga almakashi. Da tsohon ya bar aiki ba a sami mai son ɗakin ba, sai aka tura ta kwas na wata shida, ta dawo aka bar mata shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana sunkuye a kan ƙafafun mutane. Bayanta ya ɗan lanƙwashe, kuma ba ta karyawa sai ta sallami na ƙarshe a layi, wai abinci da warin ba sa zama ciki ɗaya. Ba ta riƙe fuska, amma ba ta manta gyambo. Ta taɓa wuce ni a bakin titi ba ta gane ni ba, sai da na ɗingisa.

Abu ɗaya take alfahari da shi, kuma takan faɗe shi ko ba a tambaye ta ba: tun da ta karɓi ɗakin, babu likitan da ya taɓa buɗe gyambon da ya fito daga hannunta ya tarar da ƙazanta. Duk ranar da babban likita zai zagayo, takan riga kowa zuwa, ta wanke mu tas da aidin, jan maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ta jera mu a benci kamar kayan da za a nuna wa mai saye.

Litinin, Laraba da Juma'a muke zuwa, mu tara ne masu tsohon gyambo. Wanda ya fi zama kusa da ni wani direban babbar mota ne mai ciwo a diddige, mutum mai baki, wanda bai taɓa zuwa a kan lokaci ba.

"Kafinta," yakan ce, "in an yanke taka ai kai ba ka da asara. Ka sassaƙa wata, har ka yi mata fenti."

"In an yanke taka fa, Direba?"

"Sai in zo wurinka. Amma ban da katakon da gara ta ci."

A watan Yuli sakamakon gwajina ya fito. Babban likita ya juyo mini da takardar, ya bi jerin sunayen magunguna da bayan biro, yana cewa wannan ba ya kashe ƙwayar, wannan ma haka, har ƙasa. Ɗaya ne ya rage, shi kuma ƙodata ba za ta ɗauke shi ba.

"Wata uku," ya ce. "In bai ragu ba, za mu cire daga ƙasan gwiwa, kafin ya kai ga ƙashi."

Kafinta a tsaye yake aiki. Na koma gida na zauna a shago ina kallon teburin, ban taɓa ko guduma ba har aka kira ni cin abinci.

Mako biyu bayan haka baƙi suka zo. Shugabarsu wata likita ce mai bincike, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta tsaya a baranda ta yi mana bayani, Gwaggo kuwa tana ciki tana aiki. Ta ce kwaɗo a cikin taɓo da ruɓaɓɓen ruwa yake rayuwa, amma ba kasafai fatarsa ke ruɓa ba, domin tana fitar da wasu ƙananan sinadarai da ke huda jikin ƙwayar cuta kamar yadda ƙusa ke huda gwangwani. Ta ce sun kwaikwayi ɗaya daga cikinsu sun haɗa man shafawa, kuma a ɗakin gwaji ya keta yauƙin nan ya kashe ƙwayoyin da suka gagari sauran magunguna. Yanzu suna so su gwada a jikin mutum ashirin, daga asibitoci uku. Rabi za su sami sabon man, rabi na kullum, ba wanda zai san nasa. Ba ta yi mana alkawarin warkewa ba, wannan na shaide ta. Ta ce ranar Juma'a za su dawo su shafo ruwan gyambon kowa, wanda aka ga ƙwayar mai taurin kai ta tsiro a nasa, shi zai shiga.

"Wato sai mai cuta sosai ne zai ci jarrabawar," in ji Direba. "Yau ga jarrabawar da zan ci." Tun daga ranar ya sa mata suna Likitar Kwaɗi.

A nan dole in faɗi wani abu game da kaina. Ina da shekara arba'in da shida na koyi karatu, a ajin manya na yamma, kuma tun daga lokacin ba na wuce rubutu ban karanta shi ba. Ƙofar ɗakin Gwaggo cike take da sanarwa, wata kan wata, har da ta shekarun da suka wuce. Ba mai kallonsu sai ni. Ranar Laraba na tarar da sabuwa, an manna ta a kan ta wanke hannu. Na tsaya na karanta ta har ƙarshe, na sake karantawa. Cewa ta yi daga ranar Laraba kada a sa wa gyambo aidin ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ruwan gishiri kawai, har sai baƙi sun ɗauki abin gwaji ranar Juma'a.

Na fahimci kowace kalma. Na kuma san yadda ƙafata take idan ta kwana biyu ba aidin: uwargidana, wadda ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, takan tashi ta buɗe taga. Na hango kaina a gaban yarinyar nan da abokan aikinta, an kwance bandeji, suna ja da baya. Sai na ce wa zuciyata ai tsafta ba ta taɓa zama laifi ba. Na shiga, na ɗora ƙafa, Gwaggo ta buɗe kwalbar aidin, ban ce uffan ba.

Ranar Juma'a tun ƙarfe shida ta zo, kamar yadda ta saba idan manya za su duba aikinta. Ni ne na farko a layi, cikin rigata mai kyau. Ta gurje mu ɗaya bayan ɗaya, ta ninka aidin, har tana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba.

Ƙarfe tara Likitar Kwaɗi ta kwance bandejina. Ta ga launin, ta shaƙi ƙamshin, hannunta ya tsaya.

"Wa ya sa aidin?"

"Ni ce," in ji Gwaggo, ta miƙe iyakar yadda bayanta ya bari. "Tun ƙarfe shida. Duba kowanne, 'yata, ba za ki ga ƙazanta ba."

"Gwaggo, ai ƙazantar muka zo ɗauka."

Sun shafi abin da suka shafa, don kada su koma hannu wofi. Ƙarfe goma sai ga Direba yana ɗingishi, Larabar ma bai zo ba, bandejinsa ya yi baƙi, ƙuda na biye da shi. Likitar ta tarbe shi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya.

Cikin mu tara, nasa kaɗai ya tsiro. Mako ɗaya aka ba su na ɗaukar mutane, kafin a ce a sake namu sauran asibitocin biyu sun cike gurbin. Shugabar ma'aikatan jinya ta zo har baranda ta yi wa Gwaggo faɗa a gabanmu, ta ce ga takarda a ƙofarta kwana uku, ta hana mutum takwas damarsu. Gwaggo ta cire safar hannu, ta laluba aljihu ta fito da tabarau mai ƙafa ɗaya, ta tsaya a gaban ƙofar ta karanta. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta mayar da tabarau ta ce, "Na gaba ya shigo."

Ina zaune a bencin, tsakanina da ita bai kai taku uku ba. Ban buɗe baki ba.

Da layi ya zo kaina, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Kafinta, wata nawa likita ya ba ka?"

"Saura biyu da 'yan kwanaki."

"Daga gobe kullum za ka zo. Shida da rabi, kafin layi. Tunda ba mu sami na kwaɗo ba, ba za mu bar ƙwayoyin cutar su gama rufin ba."

Haka muka fara. Kowace safiya, har ranakun hutunta, nakan same ta ta buɗe ɗakin ta tafasa kayan aiki. Ranar Litinin takan shimfiɗa farar leda a kan gyambon ta zana gefensa da alƙalami, ni kuma in rubuta kwanan wata a ƙasa, domin ta ce rubutuna ya fi nata tsayuwa. Sauran kuwa gurza ce. Na san kowane tsagin silin na ɗakin. Na ciji hannun rigata har ya yage. Sauran bakwai ɗin ma ta kira su, amma uku suka jure mako biyu, daga nan sai ni kaɗai, domin ni kaɗai aka yanka wa rana.

Da wa'adin ya cika ta bi ni ofishin babban likita da ledojinta. Ya ɗora ta ƙarshe a kan ta farko ya ɗaga su ga hasken taga. Bambancin bai wuce kaurin tsinken ashana ba.

"Gwaggo, wannan ba raguwa ba ce."

"Ba ƙaruwa ba ce kuma, likita. Ka ba ni wata ɗaya."

"Ke za a ba, ko shi?"

"Shi ai tasa ce ƙafar. Ni ce mai aikin."

Ya ba ta. Da watan ya ƙare ta sake komawa, ya sake ba ta. Sau bakwai ta tsaya a gaban teburin nan tana roƙon wata guda, ita da ban taɓa jin ta roƙi kowa ko ruwan sha ba.

Direba kuwa ana shafa masa man da ba shi da suna sai lamba. Diddigensa ya fara tsukewa. Yakan shigo yana cewa, "Ku matsa, jiya na farka na ga ina tsalle a tsakar gida. In damina ta zo ku neme ni a bakin kwata." Cikin wata biyar ya rufe. Na tambayi Likitar Kwaɗi, ranar da ta zo duba shi na ƙarshe, ko na kwaɗon aka ba shi. Ta ce ita ma ba ta sani ba tukuna, kuma ko da sakamakon ya yi kyau, za a yi shekaru kafin maganin ya iso ɗaki irin wannan. Ban sake ganinta ba, ban kuma ji abin da binciken ya haifar ba. Saboda haka ba zan ce kwaɗo ne ya warkar da Direba ba, ba zan kuma ce ba shi ba ne. Abin da na sani shi ne ya koma tuƙi, ni kuma na ci gaba da zuwa shida da rabi.

Akwai safiyar da na gaza. An shiga wata na tara, zanen ledar ya tsaya wuri ɗaya mako uku. Na ce mata, "Gwaggo, ki bari su yanke. Na gaji."

Ta ajiye hantsaki, ta dafa bayanta da hannu biyu. A lokacin na lura ta fara hutawa sau biyu kafin ta gama ƙafa ɗaya.

"Kai ka gaji? Kai da kake zaune?" ta ce. "In za a yanke, a yanke ranar da ni na gaji. Ɗora."

Na ɗora.

A hankali gefen ya fara shigowa, wata siririyar fata mai launin toka, kamar gam idan ya fara bushewa. Babban likita ya daina maganar wa'adi, bai kuma ce ya janye ba. A ƙarshen shekara ta dubu biyu da sha bakwai aka ce shekarunta na aiki sun cika. Gyambon a lokacin bai wuce maɓallin riga ba. Ba a yi mata wani taro ba. Ta ɗaure ledojin da zaren bandeji ta miƙa mini, saba'in da ɗaya ne, ta ce wa wadda ta gaje ta, "Wannan kada ki ji tausayinsa. Ihunsa ya fi ciwonsa." Ta ɗauki jakarta ta tafi gidan 'yarta.

A watan Mayu na shekarar da ta biyo ya rufe. Na koma tsayuwa a gaban teburina, ko da yake rabin yini kawai nake iyawa. Ya kamata a ce washegari na je na nuna mata. Wata biyar na yi ina ɗagawa, kuma ba rashin sanin gidan ne ya hana ni ba.

Na same ta da la'asar a kan kujerar roba a ƙofar ɗaki, an sa mata matashi a baya. Ta rame. 'Yarta ta ce, "Inna, kin yi baƙo," Gwaggo ta dube ni ba ta gane ni ba, sai da na zauna na naɗe ƙafar wando. Ta sunkuyo da ƙyar, ta danna tabon da babban yatsa, ta bi gefensa kaf.

"Kafinta," ta ce. "Ba ka shafa mai. Zai tsage."

"Zan shafa, Gwaggo." Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. "Takardar nan ta jikin ƙofa. Na karanta ta tun ranar Laraba. Na san abin da ta ce, na bar ki kika sa aidin, na kuma bari aka yi miki faɗa."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Na fito zubar da ruwa na gan ka a gabanta, leɓenka yana motsi. Kai ai ba ka iya karatu a ɓoye ba. A lokacin ban kawo komai ba, tunda ko kwalin sabulu ka gani sai ka karanta. Ranar da na sa tabarau na gane."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa, kunya ta hana ka dawowa, su yanke ƙafar?" Ta jingina da matashin ta lumshe ido. "Ni ma ai ƙofata ce, shekara talatin ban karanta ta ba. Sauke wandonka, ƙuda."

Na sauke. Na fara ba ta labarin wani ƙaramin benci da nake so in haɗa mata, mai tsayin da za ta riƙa ɗora ƙafa, amma kafin in kai ga irin katakon barci ya ɗauke ta, hannuwanta a buɗe a kan cinya, yatsun suna ɗan motsi. 'Yarta ta raka ni bakin ƙofa. Da na kai bencin bayan mako uku, maƙwabta suka ce an yi wa mijin 'yar canjin wurin aiki, sun tashi da ita.

Ganina da ita na ƙarshe shi ne ranar Lahadi, goma sha huɗu ga watan Oktoba, shekara ta dubu biyu da sha takwas.